Kusufi da Mafarin Duniya: Nazarin Matsayin Imamu Gazali da Georges Lemaître kan Imani da Mahalicci da Binciken Kimiyya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba tambayar da ke yawan tasowa a ajin kimiyya da kuma zauren karatu: shin mutum zai iya gaskata cewa akwai Mahalicci, ya kuma riƙi sakamakon binciken kimiyya, ba tare da ya yaudari kansa ba? An zaɓi mutum biyu waɗanda tambayar ta same su a bakin aiki, wato Imamu Gazali (1058–1111) a kan kusufi da sababi, da Georges Lemaître (1894–1966), limamin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam wanda ya assasa ra'in faɗaɗar sararin samaniya. An karanta matsayin kowannensu a muhallinsa na tarihi, sannan aka kwatanta. Nazarin ya gano cewa imani da Mahalicci bai ci karo da kimiyya ba, matuƙar ba a mayar da Mahalicci abin toshe gurbin da ilimi bai kai ba, ba a kuma jingina gaskiyar addini ga ra'in da ke tashe ba. An kuma nuna wuraren da saɓanin yake na gaske, waɗanda wannan rarrabewa ba ta kawar da su ba.

1.0 Gabatarwa

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, inuwar wata ta ratsa Gana da Togo da Binin, ta bi ta arewa maso yammacin Najeriya da kudancin Nijar, ta nufi Chadi da Libiya. Shekaru da dama kafin ranar, masana falaki sun fitar da taswirar hanyar da inuwar za ta bi da mintin da za ta sauka a kowane gari, kuma ba ta saɓa ba. A wannan hantsin ne Musulmi suka yi sahu suna sallar kusufi. Mutumin da ya ji sanarwar lokacin a rediyo, ya duba agogo, ya yi alwala ya nufi masallaci, ya amince da lissafi, ya kuma amince da Mai rana da wata, kuma bai ji wani abu ya tsage a ransa ba.

Shekara biyar kafin nan, a daren 9 ga Janairu 2001, kusufin wata ya zo da wani salo a Maiduguri. Gungun matasa sun banka wa otal-otal da wuraren shan giya wuta, bisa imanin cewa zunubin da ake aikatawa a wuraren ne ya sa wata ya kamu. Shi ma wannan kusufin an san da zuwansa tun da daɗewa, har dare da sa'a. Dukkan ɓangarorin biyu masu imani ne. Abin da ya raba su shi ne yadda kowa ya fahimci dangantakar Mahalicci da sabubban da ke gudana a duniya, kuma wannan dangantaka ce maƙalar ta sa a gaba.

Tunanin cewa addini da kimiyya abokan gaba ne tun fil'azal ya samu gindin zama ne a ƙarni na 19, ta hanyar rubuce-rubucen John William Draper (1874) da Andrew Dickson White (1896) a Amurka. Masana tarihin kimiyya na yanzu sun daina ɗaukar wannan a matsayin bayanin da ya dace da hujjojin tarihi, ko da yake shari'ar da aka yi wa Galileo a Rum a 1633 abu ne da ya faru, ba a kuma share shi. Akwai masu kafa hujja da ƙidaya. James Leuba ya tambayi masana kimiyya na Amurka a 1914, ya samu kusan kashi 42 cikin 100 sun yi imani da Ubangiji mai amsa addu'a. Da Edward Larson da Larry Witham suka maimaita tambayoyin a 1996, sun samu kusan kashi 39. Amma da suka tambayi 'yan babbar majalisar masana kimiyya ta ƙasar a 1998, adadin ya faɗo zuwa kashi 7. Kowane ɓangare yakan ɗauki adadin da ya yi masa daɗi. A ganin mai wannan nazari, ƙidayar tana ba da labarin al'ummar Amurka ne da irin mutanen da ke shiga jami'o'inta, amma ba ta yanke hukunci a kan ko aƙidojin biyu suna warware juna. Wannan tambaya ce ta hankali, da hankali za a bi ta.

2.0 Iyakar Tambayar

Kimiyya a nan ana nufin binciken yadda abubuwan da ake iya aunawa suke haifar da juna, ta hanyar lura da gwaji da lissafi. Imani da Mahalicci kuwa shi ne gaskata cewa duniya baki ɗaya, har da dokokin da take bi, ba ta tsayu da kanta ba, samuwarta ta rataya ga Wanda ba ya buƙatar kowa.

Wanda ya tsaya a bakin karofi a marinar Ƙofar Mata a Kano zai ga marini ya tsamo ƙyalle daga ruwan baba da toka, ya fito kore-kore, ya ɗaga shi iska ta buge shi, nan take ya fara rikiɗa zuwa shuɗi a idon mai kallo. Masanin sinadarai zai bayyana wannan tiryan-tiryan: a cikin ruwan karofi sinadarin baba yana narke, da ya haɗu da iskar oksijin sai ya koma asalinsa mai launin shuɗi, ya maƙale a zare. Bayanin cikakke ne, babu gurbin da ya rage. Duk da haka bai taɓa tambayar wa ya kawo ƙyallen ko don me ake rina shi ba, kuma rashin taɓawar ba gazawa ba ce, domin ba tambayarsa ba ce. Sai dai misalin yana da iyaka da ya wajaba a faɗa: marini sababi ne a cikin sabubba, ana ganin hannunsa, ana iya auna ƙarfinsa. Mahaliccin da malaman tauhidi suke magana a kansa ba ya cikin jerin sabubban, shi ne dalilin da ya sa jerin ya samu tun farko. Yawancin rikicin da za a gani nan gaba ya taso ne daga mantawa da wannan.

3.0 Gazali: Kusufi, Wuta da Auduga

An fi sanin Tahafutul Falasifa, wanda Gazali ya kammala a Bagadaza a 1095, a matsayin littafin yaƙi da masu falsafa. Ya yi jayayya da Farabi da Ibn Sina a kan mas'aloli ashirin, ya kafirta su a uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna. Abin da ba a cika karantawa ba shi ne gabatarwar littafin, inda ya ware abin da ba zai yi jayayya a kai ba, kuma misalin da ya kawo shi ne kusufi. Ya yarda cewa kusufin wata yana faruwa ne idan ƙasa ta shiga tsakanin rana da wata, na rana kuma idan wata ya shiga tsakanin mai kallo da rana. Ya ce wanda ya ɗauka musun wannan hidima ce ga addini, to ya cuci addini, domin mutumin da ya san lissafin, har yana iya faɗin lokacin kusufi da tsawonsa, idan aka ce masa wannan ya saɓa wa shari'a, ba zai yi shakkar lissafinsa ba, shari'ar zai yi wa shakka. Ya maimaita wannan gargaɗi a Almunƙizu minad Dalal, inda ya nuna girman ɓarnar masoyin addini jahili.

Bai tsaya nan ba. An kawo masa hadisin kusufin da ya faru ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) a shekara ta 10 bayan Hijira, lokacin da mutane suka ce rana ta kisfe ne saboda mutuwar yaron, Annabi kuma ya gyara musu, ya nuna cewa rana da wata ayoyi ne na Allah da ba sa kisfewa don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla. Gazali ya ce babu abin da ya ci karo da lissafi a cikin wannan. Game da wani ƙari da ke wasu ruwayoyi wanda ake ganin ya saɓa wa bayanin masana falaki, ya ce ƙarin bai inganta ba, kuma ko da ya inganta, yi masa tawili ya fi sauƙi a kan musun abin da hujja yankakkiya ta tabbatar. Wannan ƙa'ida ce mai nauyi daga bakin wanda ake kira Hujjatul Islam. Kuma hadisin kansa ya isa ya hana abin da ya faru a Maiduguri, tunda ya yanke alaƙar kusufi da abin da mutane suka yi ko ya same su.

Inda maganar ta yi zurfi shi ne mas'ala ta goma sha bakwai. A can Gazali ya ce haɗuwar wuta da auduga da ƙonewar audugar ba haɗuwa ce ta dole a hankalce ba. Abin da ido ya gani shi ne ƙonewa ta auku a lokacin da wuta ta taɓa auduga. Ido bai ga cewa wutar ce da kanta ta tilasta ƙonewar ba. Allah ne yake gudanar da abin a kan al'ada tabbatacciya, kuma yana da ikon saɓa mata, wanda shi ne ƙofar mu'ujiza. Ibn Rushdi na Ƙurɗuba (1126–1198) ya mayar da martani mai zafi a Tahafutut Tahafut: sanin abu shi ne sanin sababinsa, wanda ya cire sababi ya cire ilimi, ya kuma cire hikimar da ake kafa hujja da ita a kan Mai hikima. Bahaushe ma da ya ce ruwa ba ya tsami banza, a gefen Ibn Rushdi ya tsaya.

Daga wannan muhawara ne wasu marubutan zamani suka ɗauko zargin cewa Gazali ne ya kashe kimiyya a ƙasashen Musulmi. Tarihi bai goyi bayan zargin ba. An gina cibiyar duban taurari ta Maraga a 1259 ƙarƙashin Nasiruddin Ɗusi, kusan shekara 150 bayan rasuwar Gazali. Ibn Nafis, wanda ya rasu a 1288, masanin fiƙihun Shafi'iyya ne, kuma shi ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu. Ibn Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, aikinsa shi ne tsayar da lokutan salla a masallacin Banu Umayya na Dimashƙa, kuma tsarin lissafinsa na tafiyar wata daidai yake da wanda ya bayyana a aikin Copernicus a 1543. Daga ƙasar Hausa ma, Muhammad bn Muhammad Alfulani Alkashinawi ya bar Katsina ya zauna a Alƙahira, ya yi rubutu a kan lissafin hatimai masu adadi mara, ya rasu a can a 1741.

Ban da shaidar tarihi, akwai ta hankali, wadda ɗaliban tauhidi a zaurukan ƙasar Hausa suke da makaminta a hannu. Shehu Muhammad bn Yusuf Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, kuma aka daɗe ana karanta Ummul Barahin ɗinsa a wannan yanki, ya kasa hukunci gida uku: na shari'a, na hankali da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu biyu ta hanyar maimaituwa, tare da yiwuwar saɓawa. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje zai gane wannan, domin shi ne matsayin kowace doka ta kimiyya: an gwada, ta maimaitu, an riƙe ta har ranar da gwaji zai nuna iyakarta. David Hume ya isa kusa da wannan matsayi a Sikotilan a ƙarni na 18 ba ta hanyar tauhidi ba. Ƙari a kan haka, idan duniya ja'iza ce, wato tana iya kasancewa a wani tsari daban da wanda take kai, to ba yadda za a yi mutum ya zauna a ɗaki ya gano tsarinta da tunani kawai. Dole ya fita ya duba, ya auna. Wannan maƙala tana ganin Ibn Rushdi ya yi gaskiya da ya ji tsoron mutanen da za su fake da "Allah ne ya yi" su daina tambaya, domin irinsu suna nan har gobe, a bakin rijiyar da ke yaɗa kwalara da kuma gadon mai naƙuda. Amma aƙidar Gazali ba ta tilasta wannan kasala ba. Wanda ya ce al'adar Allah ce, ya ɗora wa kansa nauyin sanin al'adar.

4.0 Darasin Newton

Isaac Newton mai imani ne ƙwarai, kuma ya yi kuskuren da ya kamata a lura da shi. Bayan ya fitar da dokar janyowa a 1687, ya lura cewa duniyoyin da ke kewaya rana suna jan junansu, ya yi zaton wannan zai riƙa taruwa har tsarin ya buƙaci gyara daga Mahalicci lokaci zuwa lokaci. Leibniz ya soke shi a 1715, ya ce wannan ya mayar da Ubangiji maƙerin da aikinsa ke buƙatar kwaskwarima. A wajajen 1785 Pierre-Simon Laplace ya nuna cewa karkacewar da ake gani a tafiyar Mushtari da Zuhal tana zuwa ne tana komawa cikin zagaye na kusan shekara 900. Gurbin da Newton ya ajiye wa Mahalicci ya cike da lissafi, mutane da yawa kuma suka ɗauka an kori Mahalicci ne, alhali abin da aka kora shi ne zaton Newton.

5.0 Lemaître da Fafaroma

An naɗa Georges Lemaître limamin coci a 1923, bayan ya yi aikin soja a rundunar igwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya yi karatu wurin Arthur Eddington a Kambirij, ya wuce Amurka, ya dawo ya koyar a Jami'ar Luban. A 1927 ya buga maƙala da Faransanci a wata mujallar Burasal da ba a cika karantawa a waje ba, inda ya nuna daga lissafin Einstein cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, kuma gwargwadon nisan gungun taurari, gwargwadon saurin da yake nisantarmu. Alexander Friedmann ya riga shi samun irin wannan lissafi a Rasha a 1922, amma Lemaître ne ya haɗa shi da abin da na'urorin hangen nesa suka auna. Edwin Hubble ya buga nasa awon a 1929, sunansa ne kuma ya bi dokar, har sai 2018 da ƙungiyar masana falaki ta duniya ta ƙada ƙuri'ar a riƙa haɗawa da sunan Lemaître. Shi kansa Einstein, da suka haɗu a Burasal a 1927, ya yarda da lissafin amma ya ƙi ma'anarsa. A 1931 Lemaître ya ƙara taku ɗaya: idan sarari yana faɗaɗa, to a baya ya kasance a dunƙule, kuma akwai lokacin da komai ya faro daga wani yanayi mai tsananin matsi.

Rigar limanci ta jawo wa ra'in zargi. Masu tsara aƙida a Tarayyar Sobiyat zamanin Stalin sun ɗauke shi wa'azin coci da aka sa wa rigar lissafi. A Ingila, Fred Hoyle da Hermann Bondi da Thomas Gold sun kawo kishiyarsa a 1948, cewa duniya ba ta da farko, sabon abu yana samuwa a hankali yana cike gurbin da faɗaɗa ta bari. Hoyle ne ma ya laƙaba wa ra'in Lemaître sunan da ya bi shi, Babbar Fashewa, a wani shirin rediyon BBC a 1949.

Sai ga goyon baya daga inda ake tsammanin zai yi murna da shi. Ranar 22 ga Nuwamba 1951, Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a gaban majalisar masana kimiyya ta Batikan, ya nuna cewa kimiyyar zamani ta zama shaida a kan lokacin da aka halicci haske, saboda haka ta tabbatar da Mahalicci. Lemaître ɗan majalisar ne, kuma abin bai yi masa daɗi ba. Ya nemi a ja hankalin Fafaroma, kuma da Fafaroma ya yi jawabi ga taron masana falaki na duniya a Rum a 1952, bai sake ɗaura ra'in da aƙidar halitta ba. A taron masana fiziks na Solvay na 1958 Lemaître ya faɗi matsayinsa a fili: ra'insa yana wajen kowace tambaya ta addini, wanda bai yi imani ba yana da damar ci gaba da rashin imaninsa, mai imani kuma ra'in yana hana shi mayar da Ubangiji wani abu da ake taɓawa a ƙarshen lissafi.

Dalili biyu ne suka sa wannan matsayi ya zama na hikima. Na farko, a 1951 ra'in yana da rauni babba. Awon Hubble ya ba duniya shekara kusan biliyan 2, alhali masana duwatsu sun riga sun nuna cewa ƙasar da muke takawa ta girmi haka. Sai a 1952, a wancan taro na Rum, Walter Baade ya sanar da gyaran da ya ninka nisan gungun taurari, ya rage matsalar. Hujja mai ƙarfi ba ta zo ba sai 1965, da Arno Penzias da Robert Wilson suka sanar da gano ɗumin da ya rage daga farkon duniya, wanda ke zuwa daga kowace kusurwa ta sama, shekara guda kafin rasuwar Lemaître. Da ra'in Hoyle ne ya yi nasara, me za a ce wa waɗanda aka gaya wa cewa imaninsu ya tabbata da Babbar Fashewa?

Dalili na biyu ya fi zurfi. Samun farko a lokaci daban ne da kasancewa abin halitta. Lissafin yau yana mayar da mu baya shekara biliyan 13.8, har zuwa wani yanayi inda dokokin fiziks da muka sani suke daina aiki. Abin da ke bayan wannan shinge bincike bai kai gare shi ba, kuma yana iya kaiwa wata rana. Thomas Aquinas, a ƙarni na 13, ya riga ya ce hankali kaɗai ba zai iya tabbatar da cewa duniya tana da farko ba, amma ko da ba ta da shi, za ta ci gaba da zama mai buƙatar Wanda ya samar da ita. Gazali ya saɓa a nan, domin yana ganin hankali yana tabbatar da faruwar duniya. Duk da haka ya ce siffar duniya, ko mulmulalliya ce ko shimfiɗaɗɗiya, ba ta shafi batun ba, abin nema shi ne kasancewarta aikin Allah ko yaya take. A wannan gaɓa shi da Lemaître sun haɗu: ɗaya ya hana a yaƙi lissafi da sunan addini, ɗaya ya hana a ɗauki lissafi haya don ya yi wa addini shaida.

6.0 Kuskure Ɗaya, Fuska Biyu

Abin da Pius na 12 ya yi sau ɗaya ya bari, ya zama sana'a a wa'azin Musulmi na zamani. Tun daga tafsirin Ɗanɗawi Jauhari a Masar, zuwa littafin likitan nan na Faransa Maurice Bucaille na 1976, zuwa gajerun bidiyoyin da ke yawo a WhatsApp, ana ɗauko aya a ce ga Babbar Fashewa, ga ramukan sama masu haɗiye haske, ga saurin haske. Niyyar masu yi kyakkyawa ce, kuma matasa suna samun natsuwa da shi. Amma Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya riga ya yi gargaɗi a kan ɗora wa Alƙur'ani ilmukan da ba don su aka saukar da shi ba, kuma masanin falaki ɗan Aljeriya Nidhal Guessoum ya sabunta gargaɗin a zamaninmu. Hukuncin al'ada yana karɓar gyara. Wanda ya ɗaure ma'anar aya da shi, ya sa ɗalibi a halin da duk ranar da mujallar kimiyya ta canza magana, imaninsa zai girgiza. A ra'ayin mai wannan nazari, wannan ya fi barazana ga ɗalibin kimiyya Bahaushe a kan littattafan masu musun Allah, domin daga cikin gida yake zuwa, ba a kuma tsare shi.

Ɗaya fuskar ita ce ta Stephen Hawking da Leonard Mlodinow (2010) da Lawrence Krauss (2012), waɗanda suka ce dokokin fiziks sun isa su fitar da duniya daga babu. Masanin falsafar kimiyya David Albert ya amsa wa Krauss cewa abin da ya kira babu yana ɗauke da filayen ƙarfi da dokokin da suke bi, saboda haka tambayar daga ina suka zo tana nan daram. Mutum yana da damar ya ce dokokin haka suke kawai, ba su da wani dalili. Matsayi ne da masu hankali suka riƙa, amma matsayi ne na falsafa, babu na'urar da ta auno shi. Kyautar Nobel ta fiziks ta 1979 ta nuna wannan a aikace: Abdus Salam, wanda ya ce imaninsa ne ke tura shi bincike, da Steven Weinberg, wanda ya shahara da sukar addini, sun isa ga ra'i ɗaya kowa ta hanyarsa, suka raba kyautar tare da Sheldon Glashow. Babu wanda zai duba lissafin ya gane wanne ne mai salla.

7.0 Inda Ƙura Ba Ta Lafa Ba

Zai zama rashin adalci a ce an gama. Imani da Mahalicci a dunƙule abu ne, addini mai nassi da ke ba da labarin abubuwan da suka faru a tarihi wani abu ne, kuma a nan kimiyya tana da ta cewa. Wanda ya riƙe lissafin Bishop James Ussher na 1650, cewa an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ci karo kai tsaye da awon Clair Patterson na 1956, wanda ya ba ƙasa shekara kusan biliyan 4.5. A nan babu sulhu, ɗaya ne zai sauka, kuma manyan coci-coci sun daɗe da barin lissafin Ussher.

Ga Musulmi, tsawon shekarun duniya bai zama matsala ba. Wurin da ke da zafi shi ne asalin ɗan Adam. Hujjojin juyin halitta sun taru sosai tun bayan littafin Darwin na 1859. A 2001 aka tono ƙoƙon kan da ake kira Tumai a hamadar Jurab ta arewacin Chadi, mai shekara kusan miliyan 7. A Jabal Irhud ta Maroko an samu ƙasusuwan jinsinmu masu shekara kusan 300,000. Mutum yana da tagwayen kuromosom 23, manyan birai suna da 24, kuma kuromosom na 2 na mutum yana ɗauke da alamun haɗewar guda biyu waɗanda suke a rabe a jikin birai. Malamin da zai ce wa ɗalibin likitanci duk wannan ƙarya ce ta Turawa, ya shiga sahun wanda Gazali ya yi kuka da shi a kan kusufi.

A ɗaya ɓangaren, nassoshin halittar Annabi Adamu (AS) ba tare da iyaye ba suna da yawa, kuma jumhurun malamai sun fahimce su a zahirinsu. Shehu Husaini Aljisr na Ɗarabulus ta Labanan ya fuskanci wannan tun 1888 a Arrisalatul Hamidiyya. Bai karɓi ra'in Darwin ba, domin a ganinsa hujjojin lokacin zato ne, amma ya ce idan suka kai matsayin yaƙini, ƙofar tawili a buɗe take, kuma hakan ba zai taɓa imani da Mahalicci ba. A 2021 Shoaib Ahmed Malik ya bi usulubin Gazali ya nuna cewa ana iya karɓar juyin halitta ga sauran halittu da ma jinsunan da suka yi kama da mutum, a kuma riƙe halittar Adamu a matsayin mu'ujiza, tunda abin da ya auku sau ɗaya a saɓanin al'ada ba ya cikin abin da hukuncin al'ada zai tabbatar ko ya kore. Wasu masana kimiyya za su ce wannan mafaka ce da ba a iya gwadawa, wasu malamai kuma za su ce an ba da kai da yawa. Sharaɗin da Aljisr ya gindaya yana buƙatar mai yanke hukunci ya san nassi da ƙa'idojin tawili, ya kuma iya karanta bayanan ƙwayoyin gado da kansa har ya bambance tabbatacce da zato. A jami'o'inmu, Sashen Nazarin Addinin Musulunci da Sashen Nazarin Halittu sukan kasance a harabar makaranta ɗaya, amma da wuya a samu kwas ɗin da ya zaunar da ɗalibansu a aji ɗaya a kan wannan mas'ala.